Guntun Allura a Tafin Hannun Arzika

A shekarun da En'e, wato hukumar gargajiya, ta fara buɗe ɗakunan shan magani a garuruwan karkara, an yi wani malamin asibiti a bakin iyaka wajen Jibiya, ana ce masa Kalilu. Matashi ne mai hazaƙa, hannunsa ba ya rawa, ganin jini kuma ba ya tayar masa da hankali. Aibinsa guda ne, amma babba: gaggawa, da son a ce ya iya. Ba abin da ya tsana kamar a gan shi zaune yana jiran wani abu.

A babban asibitin birni ya koyi aiki, a hannun wani dattijo, Malam Ummaru, wanda ya daɗe yana aiki da likitocin Turawa. Tun ranar da suka fara darasin ɗinkin rauni, Malam Ummaru ya buɗe wani ɗan gwangwani ya zube masa allurai, dukkansu lanƙwasassu, ya ce ya taɓa bakinsu da yatsa.

"Wannan ka ji tana da kaifi ta gefe uku," in ji shi. "Ita ce ta fata. Fatar mutum tana da tauri, sai an yanka ta ake wucewa. Wannan kuwa mai santsi ce, mulmulalliya, ba ta yanka, ratsawa take yi. Ta naman ciki ce mai laushi. In ka sa mai kaifi a nama mai laushi, ka yaga shi. In ka sa mai santsi a fata mai kauri, za ta lanƙwashe, in ka matsa mata ta karye. Kuma kowacce sai ta tafasa a ruwa kafin ta taɓa jikin ɗan Adam. Ka ji ko?"

"Na ji, Malam," in ji Kalilu.

Ya ji ɗin kuwa, ya kuma riƙe. Abin da ya faru daga baya ba rashin sani ne ya jawo shi ba.

Da aka turo shi Jibiya, aka ba shi wani ɗakin ƙasa mai taga ɗaya da ke kallon hanyar kasuwa. Ɗinke mutum kamar tsumma baƙon abu ne a lokacin, don haka duk ranar da aka kawo mai rauni sai jama'a su yi cincirindo a bakin tagar. Kalilu ya ji daɗin haka ƙwarai. Ya riƙa ƙara sauri, yana ɗaura zare yana hira, har 'yan kasuwa suka sa masa suna Walƙiya. Matarsa Salmatu ta sha ce masa, "Malam, sunan nan ba na son shi. Jikin mutane ne fa." Sai ya yi dariya ya ce ai mata ba su san aiki ba.

Wata ranar kasuwa da bazara, ana sa ran ruwan shuka, aiki ya yi yawa. Tun da hantsi ya ɗinke ƙwaurin wani mahauci, ya kuma ɗinke goshin wani mai jakai da aka jefa da dutse a wajen rigimar rijiya. Allurai masu kaifi guda biyu ne kawai gare shi, duka ya yi aiki da su, ya jefa su cikin tasa da jininsu. Gawayin da yake tafasa ruwa da shi kuwa ya mutu, bai kula ba.

Ana cikin haka aka shigo da wani mutum, hannunsa na dama naɗe da rawani, jini ya jiƙe rawanin sharkaf. Sunansa Arzika. Mutumin wajen Maraɗi ne, ya gudo wa aikin tilas na Faransa da matarsa Fatu da 'ya'yansu ƙanana, mai garin Magama, wani ƙauye kusa da Jibiya, ya yanka masa daji ya ce ya sassabe ya noma. Yana cikin sassaben ne adda ta zame ta tsaga masa tafin hannu tun daga gindin babban yatsa har gefe.

"Malam, ka taimake ni," in ji Arzika. "Hannun ga shi ne gonata. Ba ni da kowa nan ƙasar, kuma ba ni iya komawa can."

Kalilu ya wanke raunin, ya zuba maganin aidin, ya duba. Tafin hannun manomi ne, duk kanta, kauri kamar ƙirgi. Ya buɗe gwangwaninsa, sai ya tarar masu santsi kaɗai suka rage da tsabta. Ya dubi tasa, ya dubi matacciyar wuta. Abin da ya kamata a bayyane yake: ya danne raunin da bandeji, ya hura gawayi, ya wanke mai kaifi, ya jira ruwa ya tafasa. Jinin ma ya fara tsayawa, ba wani abin da zai lalace don an jira.

Amma taga cike take da kawuna. A cikinsu akwai wasu fatake daga tsallaken iyaka, ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa da ƙarfi, "Lokotoron da ke wajenmu, likitan Faransa, kafin ka ƙifta ido ya gama. Bari mu ga na Ingilishi."

Wani ɗan gari ya amsa, "Ai ba ka san Walƙiya ba ke nan!"

Kalilu ya ji maganar ta shige shi. Ya hango kansa tsugune yana fifita gawayi, baƙi suna dariya. Sai ya sa hantsaki ya ɗauki mai santsi, ya zura zare.

A ɗinkin farko da ƙyar allurar ta wuce. Arzika ya cije leɓe, gumi na zubo masa. A na biyu allurar ta fara lanƙwashewa, Kalilu ya ji a hannunsa, ya san abin da hakan ke nufi. Maimakon ya dakata sai ya ƙara danna ta. A na uku ya ji ƙas, ɗan ƙaramin sauti wanda ba wanda ya ji sai shi. Ya zaro hantsaki, rabin allura ne kawai a bakinsa. Tsinin ya shige cikin naman tafin hannun.

 Ya ɗan lalluba da yatsa kamar yana share jini, bai ji komai ba. Ya san hukuncin wannan ma: a bar raunin a buɗe, a gaya wa mai hannu gaskiya, a ɗora shi a kan raƙumi zuwa birni a ciro ƙarfen. Ya ɗaga kai ya ga idanu a kansa. Sai ya saki guntun da ke hantsaki cikin tasa, ya ɗauki wata mai santsin, ya bi tsofaffin hudoji da wuraren da fatar ta fi laushi, ya rufe raunin a kan tsinin, ya naɗe da bandeji.

"An gama," in ji shi.

Jama'a suka ɗauki sowa. Arzika ya durƙusa. "Allah shi saka maka, Malam. Allah shi jiƙan mahaifa."

Da Kalilu ya koma gida, Salmatu ta kawo tuwo, ya taɓa ya ture. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ɗan tsinin ƙarami ne, ai akwai maharba da ke yawo da guntun kibiya a jiki shekara da shekaru. Wataƙila nama ya rufe shi ya zauna lafiya. Wataƙila ya fito da kansa. Da wannan ya yi ta lallashin zuciyarsa, amma duk lokacin da ya buɗe gwangwanin allurai sai tsinin ya faɗo masa a rai.

Kasuwa ta zagayo, sai ga Arzika da matarsa Fatu. Tana ɗauke da ƙwan zabi a ƙwarya, an kawo wa Malam godiya. Amma hannun ya kumbura har wuyan hannu, yana sheƙi, Arzika ya ce zogi ba ya barinsa runtsawa, kuma in ya motsa yatsa sai ya ji kamar ana soka masa ƙaya daga ciki.

Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba Kalilu. Ya kwance bandeji, mugunya ta tsartu. Maganar gaskiya ta zo masa har baki. Sai ya tuna cewa in ya faɗa, labari zai kai birni, zai kai kunnen Malam Ummaru, zai kai kasuwa. Ya haɗe rai ya ce, "Wa ya jiƙa bandejin nan? Ban ce kada ruwa ya taɓa shi ba?"

Arzika ya juya ya dubi matarsa. Fatu ta sunkuyar da kai.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Ina zuba mishi ruwan alwala, ya ɗan fantsama. Kaɗan ne, Malam, wallahi kaɗan ne."

"To, ga abin da kaɗan ɗin ya jawo," in ji Kalilu.

Yana faɗa ya ji kunyar kansa, amma magana ta riga ta fita. Ya matse mugunyar, ya cire zare biyu, ya sake naɗewa, ya sallame su. Yana jin Arzika a waje yana cewa, "Kin gani ko? Kin kashe mu. Mi za mu ci bana?"  Ƙwaryar ƙwan tana nan inda Fatu ta ajiye. Kalilu bai iya kai ta gida ba, sai ya bayar da ita sadaka.

Ruwan shuka ya sauka. Kowa ya fita gona, gari ya yi tsit, masu zuwa shan magani suka ragu. Kalilu ya sami lokacin zama, zaman kuwa bai yi masa daɗi ba. In ya ga manoma sun wuce da sungumi a kafaɗa sai ya kawar da kai. In ya tsaya salla sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Ya rame, ya daina hira, ya fara yi wa marasa lafiya tsawa ba dalili. Wata rana aka kawo yarinya da ƙaramin yanka a ƙafa, ya tafasa allura har ruwa ya kusa ƙonewa, uwar yarinyar tana mamaki.

Salmatu ta gaji da kallo. Wata safiya bayan ya karya, ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, ko dai ba ka da lafiya, ko akwai haƙƙin wani a kanka. Wanne ne?"



Ta ci gaba da cewa, "Jiya a rijiya na ji matan Magama suna zancen baƙon nan da ka ɗinke. Sun ce yana kwance, zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta fito masa a hamata. Gonarsa ba a shuka ko kwano ɗaya ba. Matarsa kuma wai ta zama kamar tababbiya, kullum kuka, tana cewa ita ta cuce shi."

Kalilu ya rufe fuska da hannu biyu. Da ƙyar ya gaya mata abin da ya faru, tun daga matacciyar wuta har zuwa maganar bandeji.

Salmatu ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Inna lillahi. To me kake yi a zaune?"

Ya tashi ya rufe ɗakin shan magani, ya je wajen wani Buzu ya ɗauki hayar raƙumi, ya nufi Magama. Ya tarar da Arzika a wata bukka ta kara a gefen gari, kwance a kan tabarma. Tun daga ƙofa wari ya tare shi. Yatsun sun yi baƙi, jan layi ya hau har gwiwar hannu. An shafa masa saiwoyi, wanzami ya yi masa tsaga, duk a banza. Da Arzika ya buɗe ido ya gan shi, sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune.

"Malam da kanka? Ka yi mini gafara, mu muka ɓata maka aiki."

Kalilu ya leƙa waje. Ya ce wa maƙwabta su kama masa, aka ɗaure Arzika a kan raƙumi, shi kuma ya riƙe akala ya bi hanyar birni a ƙasa, cikin laka da ruwa.

A ƙofar asibiti ya ci karo da Malam Ummaru. Kafin dattijon ya gama amsa gaisuwa, Kalilu ya ce, "Malam, akwai tsinin allura a cikin tafin hannunsa, wajen gindin babban yatsa. A gaya wa Likita ya neme shi a nan."

"Wace allura?"

"Mai santsi."

"A tafin hannu?" Malam Ummaru ya dubi hannun, ya dubi ɗalibinsa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwan shuka."

Dattijon bai ƙara cewa uffan ba. Ya juya ya shiga ciki da sauri. Wannan shirun ya fi wa Kalilu ciwo a kan mari.

Likita Bature ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ruɓa ta yi nisa. Don a ceci ran Arzika sai da aka yanke hannun daga ƙasan gwiwa. Da aka tsaga tafin aka sami tsinin, ya yi baƙi, bai kai tsawon farcen yatsa ba. Likita ya kira Kalilu, ya nuna masa a cikin faranti, ya ce ta bakin Malam Ummaru, "Karyewar allura tana faruwa ga kowa. Da ka kawo shi a ranar, da aikin ɗan lokaci ne, da yanzu yana gonarsa." Nan take aka karɓe rigar aikinsa.

Korar ba ta dame shi kamar abin da ya rage ba. Da Arzika ya farfaɗo ya fara shan kunu, Kalilu ya je ya durƙusa a gefen gadonsa ya gaya masa komai. Arzika ya saurara yana kallon rufin ɗaki.

Can ya ce, "Ke nan ba ruwan alwala ba ne?"

"Ba shi ba ne."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Na san haka tun lokacin da na faɗa."

Hawaye suka gangaro wa Arzika ta gefen ido. "Hannu, Allah ya ba ni, ya karɓi abinsa. Amma Malam, matar nan ta biyo ni da goyo, muka keta daji, ta bar uwa da uba. Ni kuwa na ce mata ta kashe mu. A gaban ɗiyanta na faɗa. Tun rannan ba ta ƙara ɗaga ido ta dube ni ba." Ya juyar da fuska bango. "Ba ni za ka ba haƙuri ba. Tafi ka gaya mata da bakinka."

Kalilu ya koma Magama. Ya yi sallama a bakin bukkar, Fatu ta amsa daga bayan zana. Tana surfa ɗan geron da maƙwabta suka taimaka mata da shi. Ya gaya mata mijinta yana raye, ya gaya mata an yanke hannun, sannan ya gaya mata sauran. Ya ji taɓarya ta tsaya.

"Malam," ta ce, "ka san sau nawa na roƙi Allah gafara a kan ruwan nan? Har hannuna na riƙa duka. Na ce da ma nawa ne ya ruɓe."

"Ki yafe mini, baiwar Allah."

"Kana kallona rannan na sunkuyar da kai. Ka san ba ni ba ce, kana kallona."

 Taɓarya ta ci gaba da sauka. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi.

Lokacin da aka sallamo Arzika, shukar gero ta wuce, ba abin da za a iya sawa a ƙasa sai wake. Kalilu ya sayi sungumi da irin wake, ya riƙa zuwa Magama da sassafe. Da kansa ya ƙarasa sassaben da adda ta katse. Hannuwansa da ba su taɓa riƙe komai ba sai hantsaki suka yi bororo, suka fashe, suka sake yi. Ranar shuka, shi ne a gaba yana sara, Arzika na biye yana jefa iri da hannun hagu, yana rufewa da diddige. Hannun hagun bai saba ba, iri ya riƙa zubewa a gefen rami, sai Arzika ya tsaya ya tura shi da yatsan ƙafa.

Da rana ta take suka zauna a gindin wata aduwa. Fatu ta kawo fura a ƙwarya ta ajiye tsakaninsu, ta juya ba tare da ta dubi Kalilu ba. Arzika ya sa guntun hannunsa ya tokare ƙwaryar don kada ta kife, ya miƙa wa Kalilu ludayi.

"Sha, Malam. Ni na yafe. Ita kuma sai ka ba ta lokaci, ban iya tilasta mata."

Kalilu ya karɓi ludayin, ya kai baki. Ya shekara biyu yana noma gonar nan tare da su. Bai sake ɗinke kowa ba har ya tsufa, Fatu kuwa har suka rabu ba ta taɓa ce masa ta yafe ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kowane aiki yana da kayan da suka dace da shi, kuma wanda aka ba amanar jikin mutane ba shi da ikon ɗaukar abin da ya fi kusa da hannunsa don gudun jira ko don neman yabon 'yan kallo. Ɗan lokacin da Kalilu ya ƙi bayarwa don ruwa ya tafasa shi ya jawo karyewar allura. Amma ba karyewar ce ta cinye hannun Arzika ba, ɓoyewar ce, da kuma ƙaryar da aka ɗora wa wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. Saboda haka, ya kai mai karatu, ka yi aikinka yadda aka koya maka ko da za a yi maka dariya. In kuma ka yi kuskure, ka faɗe shi tun ana iya gyarawa, kada ka bari wani ya ɗauki nauyin laifinka, domin akwai ɓarnar da nadama ba ta iya mayarwa.